Littafin gobe: yadda ajinmu na Sifaniyanci a Makka yake tafiya da lokaci mai zuwa

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

A nahawun Sifaniyanci mun gama da lokacin yanzu gwargwadon abin da ɗan koyo yake bukata, yau kuma muka buɗe babin lokaci mai zuwa. Zan riƙa rubuta yadda abin yake tafiya saboda 'yan uwa na Madina da Jidda da suke son kafa irin wannan aji, su ɗauki abin da zai amfane su.

Ga wanda bai san mu ba, muna haɗuwa bayan Isha'i, Asabar da Talata, a ɗakin baƙin Baba Alhaji da ke wani lungu bayan Shara Mansur. Ɗaliban kowa da sana'arsa. Akwai ɗan yayata da ke karɓar baƙi a otal ta wajen Ajyad, akwai direba mai kai alhazai ziyara, da saurayi mai tura arabiya, wato keken ɗaukar marasa ƙarfi, a wurin sa'ayi, da mai shagon dabino da zuma. 'Yar ƙanena mai karatun jinya ita da ƙawarta suna bin darasin daga gida ta saƙon murya na WhatsApp. Ni kuwa a bakin Sifaniyawa na tsinci yaren, lokacin da na yi aiki da su a jirgin ƙasan Haramaini. Kamfanonin ƙasarsu ne suka shimfiɗa dogon suka kawo jiragen Talgo, aka buɗe layin a 2018, kilomita kusan 450 tsakanin Makka da Madina.

Masu jin Sifaniyanci suna zuwa Umara fiye da yadda mutane ke zato. Akwai 'ya'yan 'yan Maroko da aka haifa a Barsalona ko Madrid, da mutanen Sabta da Malila, garuruwan Sifaniya da ke maƙwabtaka da Maroko, da musuluntattu na Garnada, sannan ga na Ajantina da Kolombiya da Meziko. Da yawansu Larabcin sallah kawai suke da shi, Turancinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Kuma kusan duk abin da mahajjaci yake tambayar ɗalibaina magana ce ta gaba: yaushe mota za ta zo, ina za mu fara, nawa zan biya, ƙarfe nawa za mu dawo. Shi ya sa nake ganin wannan babin ya fi kowanne kusa da aljihunsu.

Sifaniyanci yana da manyan hanyoyi biyu na faɗin abin da zai faru. Ta farko a ɗauko aikatau ir, wato tafiya, a juya shi a lokacin yanzu (voy, vas, va, vamos, vais, van), a sa a, sannan a kawo aikatau ɗin da ake nufi yadda yake a ƙamus: voy a comer, zan ci abinci. Ta biyu a liƙa wa aikatau ɗin ɗafa-ƙeya: comeré. Da ta farko muka fara, da gangan. Ita ce ta fi yawo a bakin mutane, musamman a Latin Amurka, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wurinta. Wannan za ɗin da ke cikin zan ci shi ne dai na za ni kasuwa, tafiya ce ta zama alamar gaba. Larabcin Hijaz da yaran nan suka tashi da shi haka yake yi da rah. Ko da na faɗi haka, kafin shayi ya huce kowa ya haɗa jimlarsa.

Talata, 3 ga Disamba

Na kawo babban littafin rubutu irin na masu shago, muka sa masa suna littafin gobe. Dokarsa ɗaya ce. Kafin a tashi, kowa zai rubuta jimla uku kan abin da zai yi kafin zama na gaba, kuma dole ya zama abin da da gaske yake niyyar yi. Idan muka dawo sai a karanta a tambaye shi, ¿sí o no?, wato e ko a'a?

Ba na ƙin atisayen cike gurbi da ke cikin littattafan koyo, yana da ranarsa. Amma na ga wanda zai cike shafi guda ba kuskure, mahajjaci ya tsaya gabansa ya kasa ce masa mota za ta zo ƙarfe takwas. Jimlar da ba ta shafi mai faɗinta ba ba ta zama a ka. Wadda ya san za a tsare shi a kanta ranar Asabar, da ita zai kwana.

Abin da ya fi damun su yau shi ne ɗan a ɗin nan na tsakiya. Voy comer suke cewa, su haɗiye shi. Kunnensu ne ya jawo, domin a bakin masu yaren va a hablar yana fita kamar kalma ɗaya, wasullan sun narke cikin juna. Na ce a rubutu dole ya fito, a baki kuma su ja shi kaɗan har ya zauna. Voy a ir ma ya ɗaure wa mai dabino kai, yana ganin an maimaita tafiya sau biyu. Daidai ne, haka ake faɗa.

Asabar, 7 ga Disamba

Baba Alhaji yakan zauna a gefe da carbinsa, ba ya sa baki. Yau da muke karanta littafin gobe ina fassara masa, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, su mutanen nan ba su da in sha Allahu a yarensu ne? Tun ɗazu nake jin gobe zan yi kaza, jibi zan yi kaza."

Na ce, "Suna da shi, Baba. Si Dios quiere suke cewa, har Kiristocinsu, musamman tsofaffi. Musulminsu kuma in sha Allah ɗin suke faɗa kai tsaye."

Ya karanto ayoyin Suratul Kahfi, ta 23 da ta 24, inda aka hana mutum ya ce lalle zai aikata abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba, ya ce to a sa shi a littafin. Aka sa. Kuma sai ga shi maganar Baba ta buɗe mana ƙofar wata ƙa'ida da nake shirin ajiyewa sai can gaba: bayan si mai ma'anar idan, ba a kawo lokaci mai zuwa. Quiere lokacin yanzu ne. Don haka si tengo tiempo, voy a ir, idan na samu lokaci zan je. Hausa ma ba ta cewa idan zan samu lokaci a irin wannan wuri. Yanzu duk wanda ya rikice sai na ce ya tuna jimlar Baba, ya gina tasa a kanta.

Muka ƙara kalmomin lokaci. Mañana gobe ne kuma safiya ce, shi ya sa gobe da safe yake zama mañana por la mañana. Jibi pasado mañana. Gata da citta ba su da kalma tasu, sai a ƙirga, dentro de tres días. Mako mai zuwa la semana que viene, baɗi el año que viene.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ba ranar aji ba ce, amma wayata ba ta huta ba tun jiya. FIFA ta tabbatar da cewa Saudiyya ce za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 2034, ta 2030 kuma Sifaniya da Fotugal da Maroko. Direba ya turo mini kanun labaran jaridun Sifaniya yana tambayar me ya sa ba ya ganin va a, sai wasu kalmomi masu ɗigo a ka. Na ce masa ya riga mu isa darasin Asabar. Jarida da sanarwa da hasashe, nan ne gidan hanya ta biyu.

Asabar, 14 ga Disamba

Na rubuta jimla biyu a allo. El Mundial de 2034 se jugará en Arabia Saudí. España, Portugal y Marruecos organizarán el Mundial de 2030. Daga nan muka warware.

Sauƙin wannan hanya shi ne ba a yanke komai daga aikatau. Ana barin sa cikakke, a ƙara masa é, ás, á, emos, éis, án. Kuma ɗafa-ƙeyar iri ɗaya ce ko aikatau ya ƙare da ar, ko er, ko ir, saɓanin lokacin yanzu da ya wahalar da mu da gida uku. Hablaré, comeré, subiré. Ɗan yayata ne ya tambayi daga ina waɗannan wutsiyoyi suka fito, kuma tambayar tana da amsa mai amfani. Asalinsu aikatau haber ne: he, has, ha, hemos, han. Tun a Latin ɗin talakawa, yaren da Sifaniyanci ya fito daga cikinsa, ake faɗin aikatau a bi shi da wannan kalma, da ma'anar akwai yin abin a kaina, har daga baya suka manne, hablar he ya zama hablaré. Duk wanda ya riƙe wannan jerin ya yi riba biyu, domin shi za mu sake ɗaukowa in mun zo he comido, na ci abinci.

Na yanke shawara kan vosotros, wato ku na jam'i da ake faɗa a Sifaniya. Za su san shi in sun ji, amma ba zan matsa musu su yi amfani da shi ba. A Latin Amurka ba a faɗinsa, ustedes ake cewa, a Sifaniya ma baƙon da kake yi wa hidima usted da ustedes ne suka dace da shi, kamar yadda muke ce wa babba ku. Abin lura kawai shi ne usted yana ɗaukar siffar shi ko ita, usted irá, ustedes irán.

Asabar, 21 ga Disamba

Dukan zaman yau a kan nauyin murya ya ƙare, kuma bai yi yawa ba.

A wannan lokaci nauyin yana faɗawa ne kan gaɓar ƙarshe, ban da siffar za mu, hablaremos, inda yake kan re. Shi ya sa sauran biyar ɗin suke ɗauke da ɗigo ita ba ta da shi, domin ƙa'idar rubutunsu ta ce kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, in nauyinta na ƙarshe ne, sai an yi mata alama. Ba ado ba ne. Hablará zai yi magana ne, hablara kuwa, da nauyi a tsakiya, wata siffa ce daban da ba mu kai gare ta ba. Mai yaren zai iya yafe maka kuskuren harafi, amma in ka sauya wurin nauyi sai ka ga ya ɗan tsaya yana neman abin da kake nufi.

A nan Bahaushe yana da jari. Kunnen da yake raba kukan yaro da kukar miya ta hawa da saukar murya kawai ba zai kasa jin wannan ba, sai dai a nuna masa inda zai saurara. Muka ajiye farantin shayi a tsakiya, kowa da cokali. Ina faɗin kalma, su buga farantin a gaɓar da ta ɗauki nauyi. Lle-ga-RÉ. Vol-ve-RÁN. Es-pe-ra-RE-mos. Da farko bugun ya watse, kowa da nasa. Can sai ya haɗu ya zama ɗaya, har Baba ya leƙo daga cikin gida ya ga ko lafiya. Mai arabiya ne ya fi kowa kunne. Shi da rubutu yake ba wuya, a nan shi yake gyara wa ɗan yayata mai otal, kuma na ga yadda hakan ya ɗaga masa kafaɗa.

Jimlolinsa na yau sun fito daga aikinsa kai tsaye: Empezaremos en Safa. Daremos siete vueltas. Terminaremos en Marwa. Ya ce tsofaffin da yake turawa abin da suka fi so su ji shi ne nawa ya rage, sai muka ƙara masa faltan dos, saura biyu.

Talata, 31 ga Disamba

Masu taurin kai. Goma sha biyu ne, kuma alherinsu shi ne ɗafa-ƙeyar ba ta canzawa, tushen ne kawai yake lanƙwashewa. Biyar suna zubar da wasalin e: poder ya koma podré, saber sabré, querer querré, haber habré, caber cabré. Biyar kuma suna sa d a gurbin wasalin: tener tendré, poner pondré, salir saldré, venir vendré, valer valdré. Sai biyun da suka gajarce gaba ɗaya, decir diré, hacer haré.

Ban ba su duka su haddace ba. Caber da valer na ce su jira, ko da yake direba ya ƙwace cabrán, za su shiga, don kayan alhazai da but ɗin motarsa. Waɗanda ba makawa su ne tendré, podré, haré, vendré, saldré da habrá, wato za a samu.

Wahalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, ta harshe ce. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe, sai ta cusa wasali a tsakani, shi ya sa nake jin tendiré da saldiré. Ga kuma p, wadda ta faɗa tsakanin wuta biyu: wanda Hausa ta fi ƙarfi a bakinsa yana cewa fodré, wanda ya yi makarantar Larabci yana cewa bodré. Muka riƙe ƴar takarda a gaban leɓe, a rufe baki ruf sannan a sake shi. H kuma ba a furta ta sam, haré aré ake cewa, abin da yake yi wa mai jin Larabci nauyi don ya saba ba kowane harafi haƙƙinsa. Inda ba mu sha wuya ba shi ne querré. Ra mai karkarwa tana cikin bakinmu tun fil azal, Turawan Ingila ne suke kuka da ita.

'Yar ƙanena ta turo nata da daddare, tsaf. No le va a doler. Va a sentir un pinchazo. Tendrá que descansar. Ba zai yi miki zafi ba, za ki ji ɗan tsira, sai kin huta. Ita da ƙawarta sun wuce mazan, kuma dalilin a fili yake: kullum suna yi wa juna saƙon murya, ba sa jiran ranar aji.

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Ruwan da aka tafka jiya ya hana rabin aji zuwa. Da waɗanda suka samu fitowa muka kalli hasashen yanayi na talabijin ɗin Sifaniya a waya. Ban san wani abin sauraro da ya fi shi dacewa da ɗan koyo a wannan babi ba. Gajere ne, ga taswira tana nuna abin da ake faɗa, kalmomin kuma su ne dai kullum: lloverá, habrá nubes, bajarán las temperaturas, hará frío. Aikin gida, kowa ya yi hasashen Makka na kwana uku da muryarsa.

Gobe ake fara gasar Super Cup ta Sifaniya a Jidda. Na ce kowa ya rubuta hasashensa a littafi.

Litinin, 13 ga Janairu

Tun 2020 aka fara kawo wannan gasa Saudiyya, wani lokaci Jidda wani lokaci Riyad. Jiya aka yi wasan ƙarshe a filin Jauhara, Barcelona ta ci Real Madrid 5 da 2.

Ga abin da ke rubuce a littafi tun ranar Asabar. Direba: El Madrid ganará dos a cero. Mbappé marcará. Mai otal: El Barça marcará tres goles. Mai arabiya: Habrá penaltis. Mai dabino, wanda ƙwallo ba ta dame shi ba: Venderé más que ayer, zan yi ciniki fiye da jiya. Direba ya ci rabi, domin Mbappé ne ya fara zura ƙwallo kafin Lamine Yamal ya farke. Mai arabiya yana nufin bugun raba gardama ne, ba a kai can ba, amma ya dage cewa an ba da fanareti a cikin wasa, Lewandowski ya ci, don haka a rubuta masa sí. Gardamar da aka yi a kan wannan, rabinta da Sifaniyanci aka yi ta, ba wanda ya ce a yi.

Mai otal ya je kallon. Ya hau jirgi daga tashar Rusaifa, a filin kuma ya zauna kusa da wani magidanci da ɗansa da suka zo daga Sifaniya. Ya ce da Madrid ta fara ci, sai ya juya ya ce wa mutumin vamos a ganar, za mu yi nasara, mutumin ya dube shi ya ce ya veremos. Ya tambaye ni ma'anarta. Na ce ma gani. Hausa tana da wannan siffa ta biyu, na zo, ka ji, ma gani, wadda ba ta kai zan ƙarfi ba. Ba na cewa ita ce daidai da comeré a ko'ina, ba haka ba ne, domin hanyar Sifaniyanci ta biyu takan ɗauki alkawari mai nauyi. Amma a wannan wurin sun yi kafaɗa da kafaɗa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mai otal ya zo da wani abu da ya tsaya masa a rai.

"Kawu, wata Hajiya daga Sabta ta sauko tana neman mijinta. 'Yarta ta ce mata estará en la habitación. Ni na ɗauka cewa take zai je ɗaki an jima, har na ce su zauna su jira shi. Sai suka hau sama, suka same shi yana barci."

Wannan wani amfani ne daban, kuma a maganar yau da kullum yana da yawa: siffar gaba ce, amma zato take ɗauke da shi game da yanzu. Estará en la habitación, yana ɗaki ne wataƙila. ¿Qué hora será? Ko ƙarfe nawa yanzu? Serán las tres, zai yi ƙarfe uku. Na tsaya a kan wannan fassarar ta ƙarshe na ce su sake saurara. Ashe mu ma haka muke yi. In an tambaye ka shekarun wani ka ce zai yi arba'in, ba cewa kake sai baɗi zai cika ba, kintace kake yi. Za su kai mutum ɗari. Tendrá cuarenta años, serán cien personas. Littattafan da na gani suna ajiye wannan sai ɗalibi ya yi nisa, don yana ba masu wasu harsuna wuya. Ban ga dalilin da zai sa a ɓoye wa Bahaushe abin da yake yi tun yana yaro ba.

Abu ɗaya na ja musu kunne a kai: voy a ba ya wannan aiki a irin wannan jimla. In zato kake, hanya ta biyu za ka bi.

Muka ɗauko hotunan mutane daga jarida, kowa yana kintatar shekaru da ƙasa da sana'a. Será turco. Tendrá sesenta años. Será médico.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Idan ɗinmu guda ɗaya yana ɗaukar kaya biyu. Idan ka zo yana iya zama ban sani ba ko za ka zo, yana kuma iya zama na san za ka zo, lokacin nake jira. Sifaniyanci ya raba su, na farko si, na biyu cuando. Kuma cuando in yana duban gaba ba ya karɓar llegarás, ba ya karɓar llegas, sai wata siffa da ake kira subjuntivo, wadda babi ce mai zaman kanta.

Ban buɗe babin ba. Na ba su ƴan jimloli su riƙe a dunƙule yadda ake riƙe addu'a kafin a san i'irabinta: cuando llegue, cuando termine, cuando quiera, cuando salgan. Direba yana bukatar cuando terminen, los esperaré aquí, in kun gama zan jira ku a nan. Ya ishe shi a yanzu. In tambaya ce kuwa, cuándo mai ɗigo, gaba ɗin yana dawowa lafiya lau, ¿cuándo llegará el autobús?

Sai kuma abin jadawali. Jirgi da sallah da duk abin da lokacinsa yake a yanke, lokacin yanzu ma ya wadatar: el tren sale a las ocho.

Talata, 18 ga Fabrairu

Direba ya yi yini guda da wasu iyali daga Kolombiya. Ya kai su Jabalin Nur da Jabalin Saur, suka zaga ta Arfa da Muzdalifa da Mina, suka ƙare a Tan'im don masu son sake ɗaura harami. Ya ce tun daga ƙofar otal ya jera musu tsarin tafiyar: primero vamos a ir a Yabal Nur, después vamos a pasar por Arafat, vamos a volver antes del Asr, si Dios quiere. Dattijon cikinsu ya tambaye shi a wace ƙasa ya zauna. Sun karɓi lambarsa don ƴan uwansu da za su zo da azumi.

Na lura duk labarin da ya ba mu babu iremos ko volveremos ko ɗaya. Ya san su, yana gane su in an faɗa, a rubuce ma yana yin su daidai, amma bakinsa vamos a yake kamawa. Ba zan takura masa ba. Baƙinsa ma haka suke magana, kuma abin da na sa a gaba shi ne mahajjaci ya san inda za a kai shi da lokacin da za a dawo da shi. Inda nake so hanya ta biyu ta zauna a bakinsu daram wuri uku ne: alkawari, kamar le llamaré, zan kira ku, da no tardaré, ba zan daɗe ba, sai zato, sai habrá da podrá da ba su da gajeriyar madadi.

Mai dabino ne ya rage a baya. Ba ƙoƙari ya rasa ba, shago ne ba ya sakin sa da wuri, yakan iso an yi nisa. Jimlolinsa na ciniki sun zauna, le haré un descuento, mañana habrá ajwa, amma da zarar an fita daga dabino sai ya tsaya. Mai arabiya ya ɗauki nauyin biya masa a shago bayan La'asar, tunda hanyarsa ce.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Jibi ake sa ran ɗaukar azumi in an ga wata. Zama a ɗakin Baba ya tsaya sai bayan Sallah, domin Ramadan shi ne kakar aikin kowa a garin nan, ba mai samun daren kansa. Saƙon murya zai ci gaba, jimla uku kowane dare, duk lokacin da mutum ya samu sarari tsakanin tarawihi da sahur. Ni zan saurara da safe in mayar da gyara. Bayan Sallah za mu shiga lokacin da ya wuce, kuma kayan aikin suna hannu: duk abin da aka rubuta za a yi tun Disamba, za mu bi shi layi layi mu mayar da shi an yi ko ba a yi ba.

Yau kowa ya faɗi abin da zai fi bukata a watan, muka gina tare. Mai otal yana son sanar da lokutan abinci, el suhur será a las tres, el restaurante abrirá después del Magrib. Mai arabiya yana son ya iya ba da shawara kan cunkoso, habrá mucha gente esta noche, será mejor subir al primer piso. 'Yar ƙanena ta nemi yadda za ta gargaɗi mai ciwon suga da ya dage sai ya yi azumi, muka tsaya kan si se marea, tendrá que romper el ayuno, in jiri ya ɗebe ku dole ku karya, sauran bayanin kuma na likita ne.

Mai dabino ya ce shi matsalarsa ba aikatau ba ce yanzu, lissafi ne. Masu sayen tsaraba kwali kwali suke ɗauka a goman ƙarshe, kuɗin yana haura ɗari biyar, shi kuma ƙirgarsa ta tsaya a cien. Quinientos, setecientos da novecientos ba sa bin tsarin sauran, sai an riƙe su daban. Gobe bayan Juma'a zan biya ta shagon mu yi su a kan kwalayen.